Zaman Ngwo: har yaushe za mu zama baƙi?

Duk wanda ya haura tsaunin Milliken daga Enugu zuwa 9th Mile a Ngwo zai tarar da 'yan uwanmu: direbobin tirela, masu albasa, masu shayi. Tun da aka fara zaman gidan Litinin a 2021 suke tsaka mai wuya. Gwamna Peter Mbah ya haramta shi a Yunin 2023, amma baƙo sai ya ga maƙwabci ya buɗe shago tukuna. Dalili? Da yawanmu katin zaɓenmu na can Arewa, ba mu da ta cewa a ƙaramar hukumar Udi. Ku tuna, Umaru Altine, Basakkwace, ya yi magajin garin Enugu a shekarun 1950. Jama'a, mu dawo da rajistarmu inda muke kwana.