Ba Kawu ne bai waye ba, manhajar ce ba ta iya magana ba

Yau magana ce ta ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri ku karanta.

Makon jiya kawuna ya je biyan kuɗin taki, naira dubu arba'in da biyar. Ya buɗe manhajar bankinsa, ya shigar da lambar asusun mai shago, ya rubuta kuɗi, ya sa lambar sirri, ya danna. Sai da alat ya shigo ya ga dubu ɗari huɗu da hamsin ce ta fita. Sifili ɗaya ya ƙaru. Allah ya sa mai shagon mutumin kirki ne, ya dawo da ragowar kafin la'asar. Amma abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda yaran gida suka dinga yi masa dariya, wai tsofaffi ba su waye ba.

Na ce, "Kawu, ku nuna min yadda kuka yi." Ya miƙo wayar, ya ce, "Ɗan nan, ni fa sifilan nan duk a cakuɗe nake ganinsu." Na duba. Wallahi gaskiyarsa ne. Manhajar tana rubuta 450000 ne haka a dunƙule, babu waƙafi, da ƙananan lambobi masu launin toka a kan farin allo. Ni da nake da sauran ido sai da na ƙirga da yatsa. To fisabilillahi laifin wa?

Kafin wani ya ce ai rashin boko ne, bari in ba ku labarin waɗanda suka fi mu boko da kuɗi. A watan Agustan 2020, Citibank na Amurka ya tashi biyan kuɗin ruwa na wani bashi a madadin kamfanin kayan kwalliya na Revlon, kimanin dala miliyan 7.8. Sai suka wayi gari sun tura kusan dala miliyan 900, wato har da uwar kuɗin gaba ɗaya, daga aljihun bankin. Me ya faru? A manhajar da suke aiki da ita, Flexcube, idan kana so uwar kuɗin ta tsaya a asusun cikin gida kada ta fita, sai ka yi alama a akwati uku. Ɗaya ne kawai daga cikinsu ke ɗauke da sunan uwar kuɗi, sauran biyun sunayensu ba su nuna alaƙa da ita ba. Ma'aikacin ya yi alama a wanda hankali zai ba kowa, ya bar biyun. Mutum na biyu ya duba ya ce daidai ne. Na uku, babban jami'i, shi ma ya amince. Mutum uku, ido shida, duk suka faɗa rami ɗaya.

Wurin da ya fi ba ni mamaki: manhajar ta fito da gargaɗi cewa kuɗi za su fita daga banki, a ci gaba? Amma ba ta faɗi nawa ne ba. Su kuma dama sun san kuɗi za su fita, ai biya suka zo yi, sai suka danna e. Da ta rubuta adadin ɓaro-ɓaro, da an tsaya nan take. Wasu masu bin bashin sun dawo da nasu, wasu suka riƙe kusan dala miliyan 500. A Fabrairun 2021 alƙali a New York ya ce su riƙe abinsu, sai a Satumbar 2022 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin. Shekara biyu ana shari'a a kan akwati biyu da ba a taɓa ba.

Shin waɗannan ma ba su waye ba ne? Ra'ayina shi ne, duk inda ka ga mutane da yawa suna tuntuɓe a wuri ɗaya, dutsen za ka duba, ba ƙafafunsu ba. Wanda ya ƙera manhaja shi ya san inda ramukan suke, shi ke da ikon cike su. Mai amfani da ita yana tsaye ne a kasuwa, rana na haska allo, ana jiransa a layi, sabis na ɗaukewa yana dawowa.

Kuma ku tuna yawancin iyayenmu ba da son ransu suka shiga harkar nan ba. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ne ya tura kowa transfa, har mai kayan miya. Aka ba su manhajojin da aka tsara wa matashi mai Turanci da kaifin ido. Ga na danna lambobi a ƙaramar waya, kana cikin karanto lambar asusu daga takarda lokaci ya ƙare, a ce ka sake daga farko. Ga saƙon da ke cewa ciniki bai yiwu ba alhali an cire kuɗin, mutum ya sake turawa, a cire sau biyu.

Na san wani zai ce ai dole mutum ya lura, kuɗinsa ne. Haka ne, ban ce a rufe ido a danna ba. Kuma ba ƙarin gargaɗi nake nema ba, don gargaɗi in ya yi yawa hannu ne ke amsa shi ba ƙwaƙwalwa ba, kamar yadda muka gani a Citibank. Abin da nake nema ƙanƙane ne. A sa waƙafi. A rubuta kuɗin da kalmomi a ƙasa, "naira dubu ɗari huɗu da hamsin", da Hausa ga mai so, ko ma wayar ta faɗa da murya, tunda mutanenmu sun riga sun saba da saƙon murya a WhatsApp. Idan mutumin da bai saba wuce dubu hamsin ba ya tashi tura ninki goma, a tsayar da shi a tambaye shi. Gmail yana ba ka har daƙiƙa 30 ka janye wasiƙar da ka tura, WhatsApp yana barin ka goge saƙo daga wayar kowa. Ashe a ba ka damar janye gaisuwa, a hana ka daƙiƙa goma kafin kuɗin noman shekara su fita?

Kuma ba wai ba mu iya ba ne. Sunan mai asusu da ke fitowa kafin ka tura kuɗi, mun daɗe da shi a Najeriya, manyan bankunan Ingila sai a 2020 suka fara irinsa. Allah kaɗai ya san kuɗin da wannan ɗan layin ya tsare.

Ku 'yan uwa masu haɗa manhaja da ke cikin abokaina a nan, don Allah ku gwada abu ɗaya. Ku miƙa wa Hajiya ko Baba wayar, ku ce su tura dubu biyar, ku kama bakinku, kada ku nuna musu komai. Ku rubuta duk inda yatsansu ya tsaya.

Shi dai Kawu ya goge manhajar daga wayarsa. Yanzu katinsa yake ba yaron mai POS na bakin layi, ya faɗa masa lambar sirrin da baki, a gaban kowa. Na yi masa magana, ya ce gara wanda yake gani da ido.