Kalangu a Kwamfuta: Bugu Ɗaya Ba Ya Isa

Duk mai haɗa kiɗa a situdiyo ya san Kontakt, manhajar da kamfanin Native Instruments na Jamus ya fitar a 2002. A cikinta, sautin fiyano da gogen Turawa sai ka gaji da zaɓe, amma nemi kalangu ko kotso na kirki ka sha wahala. Laifin namu ne. Sau da yawa mai situdiyo kan naɗi bugu ɗaya tak, ya baza shi a kan madannan kibod baki ɗaya. Ita kuwa manhajar, in za ta ɗaga murya sai ta ƙara wa sautin gudu, in za ta saukar sai ta rage, shi ya sa kalangun ke fitowa kamar ana dukan gwangwani. Kalangu fa magana yake yi: makaɗi na matse igiyoyinsa a hammata, murya na hawa tana sauka. Dole a naɗi kowane mataki daban, da bugu mai taushi, matsakaici da mai ƙarfi, a maimaita kowanne sau uku ko huɗu, a sa manhajar ta riƙa karɓa-karɓa tsakaninsu don kada kunne ya gane maimaici. Sannan kowane fayil ya zauna a madannin da ya dace da muryarsa. Tsadar Kontakt ba hujja ba ce, tunda manhajar Decent Sampler, mai irin aikinta, kyauta ce. Masu situdiyo, ku gayyato makaɗa, ku biya su haƙƙinsu, ku naɗa.