Ra'ayinmu: Lasin direba ma ya kamata ya ƙetare iyaka

Duk wanda ya san zangunanmu, daga Nima da Ashaiman har Aboabo a Kumasi, ya san gidaje nawa ne tukunyarsu ke kan sitiyari. Direbobinmu ne ke ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Tema su bi ta Paga zuwa Wagadugu, wasu su zarce Yamai ko Bamako. Su ne ke dawo mana da albasar Galmi da tumatirin Burkina Faso. Motar tana wucewa, kayan suna wucewa, amma da zarar an tsallake iyaka sai ƙwarewar mai tuƙin ta zama abin gardama a bakin kowane shinge.

Wani ɓangare na matsalar a jikin katin yake. A Ghana, hukumar DVLA tana ba direban tirela da manyan bas lasin mai harafin F, harafin E kuwa na masu tuƙa tarakta da gireda ne. A tsarin da maƙwabtanmu suka gada daga Faransa, C na motar kaya ne, D na bas, E kuma na mai jan tirela. To jandarman da ya karɓi katin direbanmu, yana neman E ya ga F, me zai fahimta? Shi ba ya jin Turanci, direba ba ya jin Faransanci. Daga nan sai "faka gefe", sai ɓata lokaci, ƙarshenta a sa hannu a aljihu. Haka shi ma direban Burkina yake sha idan ya shigo ƙasarmu. Lasin ƙasa da ƙasa yana rage wannan wahala, amma fassara ce kawai ta katin gida, ba ya nuna irin horon da mutum ya samu, kuma kamfanin da ke Lome ko Abijan ba zai ɗauki direba aiki saboda shi kaɗai ba.

Abin haushin shi ne, yankin nan ya taɓa warware irin wannan. Tun 1979 ECOWAS ta amince da 'yancin zirga-zirgar jama'a, a 1982 kuma ta kafa tsarin inshora na Brown Card, wanda ke sa inshorar da aka yanka a Accra ta yi aiki idan hatsari ya faru a wata ƙasar. In an iya yarda da takardar mota, me zai hana a yarda da takardar mai tuƙa ta?

Tarayyar Turai ta yi nata tun 2003. Direban babbar mota ko bas sai ya samu shaidar sana'a ban da lasin, sannan duk shekara 5 ya koma horo na awa 35. Ana buga lamba 95 a katinsa, kuma da wannan lamba kowace ƙasa ta tarayyar ta san ya cika sharaɗi. Ba mu ce a kwafo komai nasu ba. Darasin dai shi ne alama ɗaya da kowane jami'i zai gane ko da wane harshe yake magana.

Yanzu lamarin ya ƙara gaggawa. Ranar 29 ga Janairun 2025 Burkina Faso, Mali da Nijar suka fice daga ECOWAS, kuma can ne mafi yawan tafiye-tafiyen direbobinmu na arewa suke nufa. ECOWAS ta ce za a ci gaba da zirga-zirga kamar da har sai an sake sanarwa, amma mai iyali ba ya gina sana'arsa a kan "sai an sake sanarwa". Ya kamata gwamnati ta zauna da waɗannan ƙasashe kai tsaye, a rattaba hannu kan yarjejeniyar da ta fayyace wane harafi ne daidai da wane. Ƙasar da ke riƙe da hedkwatar kasuwar bai-ɗaya ta Afirka bai dace ta tsaya jiran wasu ba.

Sai dai a kula. Yawancin direbobinmu a gindin maigida suka koya, shekara da shekaru suna yaron mota kafin a miƙa musu makulli. Idan aka kawo sabuwar shaida da jarrabawar rubutu zalla, an kori ƙwararru ke nan. A gwada mutum a kan hanya, a tambaye shi da baki cikin Hausa ko Twi ko Dagbani, kuɗin kuma ya zama wanda talaka zai iya biya.

Mu ma da namu aikin. Ba wata ƙasa da za ta girmama katin da aka san ana sayensa ta bayan gida. Iyaye, ku bar yara su yi makaranta kafin su shiga tasha. Shugabannin ƙungiyoyin direbobi, GPRTU da takwarorinta masu manyan motoci, ku kai wannan magana gaban Ma'aikatar Sufuri a rubuce, ku nemi 'yan majalisar mazaɓunku su tayar da ita, tun kafin a tsara dokar ba da ku ba.