Magana a Kan Kuɗin Dashen Itatuwa a Ƙauyuka

 Ina so in yi magana da ku bisa kuɗin gudunmawa da ake bayarwa domin dashen itatuwa a ƙauyuka, gama al'amari ne wanda ya shafi gonar kowa da murhun kowa.

Ku sani dukiyar da ake ambatawa ba kaɗan ba ce. A shekara ta 2007 Tarayyar Afirka ta ƙulla shawarar kafa shingen itatuwa tun daga Senegal har Jibuti, tafiyar kilomita wajen 8,000. Da aka yi lissafi a 2020, sai aka iske hekta miliyan 4 kaɗai aka raya a kan layin shingen, alhali kuwa miliyan 100 ake nufi kafin 2030. A 2021 aka taru a birnin Paris, aka yi alkawarin dala biliyan 14 da 'yan kai. A ƙarshen wannan shekara kuma Bankin Duniya ya yarda da dala miliyan 700 domin gyaran ƙasa da ruwa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Wannan kuwa rance ne, akwai ranar biya.

To, ina aibin yake? Ni dai a ganina yana ga ranar da ake fid da kuɗin. Duka kan ƙare a ranar dashe. A sayo dashe cikin leda, a ɗora a mota, a kafa rumfa, babban baƙo ya duƙa ya dasa guda, a rubuta dubu kaza an dasa, kowa ya watse. Sau da yawa ma damina ta riga ta yi nisa. Ruwa na ɗaukewa, dashen da saiwarsa ba ta kai kamu ɗaya ba sai ya fuskanci wata bakwai ko takwas babu ɗigo, ga hunturu, ga gara, ga akuya wadda ba ta san dokar kowa ba. Wa aka ba ko kwabo domin ya kai masa tulun ruwa, ko ya kewaye shi da ƙaya? Babu.

Ku dubi abin da ya faru a ƙasar Maraɗi. Wani mutumin Ostireliya, Tony Rinaudo, ya yi shekaru yana rabon dashe yana mutuwa. A 1983 ya lura ƙananan tsirrai da manoma ke sassabewa kowace shekara kututturan manyan itatuwa ne, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Aikin kuwa ba wuya. Manomi ya zaɓi tofo mafi ƙarfi, kamar uku ko biyar, ya datse sauran, ya bar su su miƙe. Shi ne ake kira sassabin zamani. Da yunwar 1984 ta zo, aka riƙa ba mutane hatsi bisa sharaɗin su bar itatuwa a gonakinsu, kuma suka bari. Amma da rabo ya ƙare, mafi yawansu suka sa gatari suka sare. Wannan ya isa ishara ga mai zaton kyauta kaɗai ke tsare itace.

Waɗanda ba su sare ba su suka ci riba. Suka sami itacen girki da na sayarwa, iska ta daina binne musu shuka da rairayi, maƙwabta suka gani suka bi. Gawo kuwa ya fi kowa alheri, domin yakan kaɗe ganyensa da damina, ba ya tare wa gero rana, sa'an nan ya yi tofo da rani, dabbobi su ci 'ya'yansa su zuba taki a gindinsa. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 aka raya ta wannan hanya a kudancin Nijar, galibi ba da kuɗin kowa ba.

Akwai kuma wani sababi da ba a cika faɗa ba. Tun zamanin Faransawa doka ta mai da itatuwa na hukuma, har mutum kan biya tara don ya sari reshe a gonar ubansa. Wanda ya san haka, yaya zai reni itace? Sai da aka sassauta, manomi ya tabbata abin da ya rena nasa ne, sa'an nan aikin ya yaɗu. A 2020 hukumar Nijar ta rubuta wannan haƙƙi a doka.

Saboda haka roƙona ga mahukunta da masu ba da gudunmawa shi ne a juya lissafin. A ba manomi kaɗan a farko domin ƙaya da ruwa, sauran kuwa a riƙe har itacen ya ƙetare bazara ta farko da ta biyu. A yi ƙirgar da bazara, lokacin da mai rai ke bambanta da matacce, a gaban mai unguwa da malamin daji da jama'a, a karanta sunaye a fili. Wanda ya reni kututturen kalgo ko sabara ko aduwa a biya shi daidai da mai sabon dashe, tun da inuwa ɗaya ce. Kada kuma a bar mata a baya, su ne ke tafiyar neman itace, su suka san inda daji ya ƙare. Makiyaya ma a zauna da su tun kafin a dasa, a yi magana a kan sassaƙar rassa da rani, in ba haka ba itacen zai zama sanadin husuma.

Duk wanda aka raba dashe a ƙauyensu bara, ya daure ya ƙirga abin da ya saura da rai a bazarar bana, ya aiko mana da adadin da sunan ƙauyen, za mu rubuta a takarda mai zuwa.