Wane Usur Ne Ya Dace Da Kunnen Karen Farauta?

A ƙasar Biritaniya, da zarar ranar 12 ga watan Agusta ta kewayo, sai a buɗe farautar tsuntsaye a tuddan Sikotilan da na arewacin Ingila. Ranar 1 ga Satumba a ba da izinin harbin makwarwa, ranar 1 ga Oktoba kuma a shiga farautar wani tsuntsu mai doguwar wutsiya da suke kira fezan, har zuwa ranar 1 ga Fabrairu da doka ta rufe farautar makwarwa da fezan. Duk wanda ya ga maharban nan sun jeru a fili zai lura da karnuka zaune a gefensu, kuma a wuyan kowane mai kare akwai ɗan usur rataye da igiya, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba. To, a kan wannan ɗan abin ne masu horar da karnuka suka daɗe suna ja-in-ja, kowa yana cewa amon nasa ne ya fi shiga kunnen kare.

Kada mai karatu ya ɗauka gardamar marasa aikin yi ce. Karen da ake fita da shi wurin harbi yana aiki ne a gaban bakin bindiga. Idan zomo ya zabura daga cikin ciyawa, kare ya bi shi a guje, ba abin da ya rage tsakaninsa da harsashi ko motar da ke wucewa kan titi sai busa ɗaya ta ubangidansa. In ya ji ya zauna nan take, ya tsira. In ya yi jinkirin daƙiƙa biyu yana tantama ko shi ake kira, wahalar shekara biyu da aka sha wajen horar da shi tana iya tafiya a banza. Har ila yau, tsuntsun da harbi ya raunana ya faɗa can bayan rafi, in ba a iya juya kare daga nesa ya je ya ɗauko shi ba, sai ya kwana yana wahala har ya mutu.

Me ya sa ba a bar wa murya wannan aiki ba? Dalili kuwa shi ne murya ba ta da riƙon sirri. Mutum in ya fusata kare zai ji fushin a cikin kiran, ya ƙi matsowa. In ya gaji murya ta dushe. In iska ta taso ta tafi da ita. Ga shi kuma ihu yana korar tsuntsaye tun ba a kai gare su ba. Ƙungiyar masu karnuka ta Biritaniya, watau Kennel Club, wadda aka kafa a 1873, tana lissafa yawan hayaniyar mai kare cikin manyan laifuffukan da alƙalai ke rage maki a kansu a gasar karnukan farauta. Usur kuwa amonsa ɗaya ne, ko mai busawa yana cikin fara'a ko yana cikin ɓacin rai.

Kaifin amo da kaurinsa ana auna su ne da yawan kaɗawar da sauti ke yi wa iska a cikin daƙiƙa ɗaya. Yawan kaɗawa shi ne kaifi, ƙarancinta shi ne kauri. Kunnen saurayi mai lafiya yana kama sauti daga kaɗawa 20 har zuwa wajen 20,000, amma na kare yana kaiwa wajen 45,000. Wani Bature masani, Francis Galton, shi ne ya ƙera ɗan usur a 1876 don gwada iyakar jin mutane da dabbobi. Har ya riƙa maƙala shi a jikin sandarsa yana zagaya gidan namun daji yana busawa, yana duban dabbar da za ta ɗaga kunne, ya kuma ba da shaida cewa kyanwa ta fi kowa kaifin ji. Daga nan ne aka samo abin da ake kira usur marar amo, wanda kamfanin Acme ya fitar kasuwa a 1935.

Wannan kamfani na birnin Bamingam, wanda Joseph Hudson ya kafa a 1870, shi ne ya yi wa 'yan sandan Landan usur a 1883, ya kuma yi wa alƙalan wasan ƙwallon ƙafa irin mai ɗan ƙwallo a ciki a 1884. A filin farauta kuwa lambobi uku nasa ne suka fi yawo a bakin mutane, watau 210.5 da 211.5 da 212. Na farko shi ne mafi kaifi, yana kaɗawa wajen sau 5,900 a daƙiƙa. Na biyu ya fi shi kauri, bai cika 5,000 ba. Na ukun yana tsakaninsu. Al'adar da aka gada ita ce a ba ƙananan karnuka masu dogayen kunnuwa, waɗanda ake kira sifaniyal, lamba 210.5, a ba labarado da 'yan'uwansa masu ɗauko abin da aka harbo lamba 211.5, sa'an nan 212 ta zama ta karnukan da ke yin nisa suna neman tsuntsu, in sun sansano shi su ƙame suna nuna wurin da hanci.

A nan ne mutane da yawa suke ɓata. Sai sabon mai kare ya zaci kunnen sifaniyal dabam ne da na labarado, har ya tsorata kada ya sayi lambar da ba ta jinsin karensa ba. Alhali kuwa duk karnukan nan suna jin lambobin uku sarai. Abin da ya raba su shi ne nisan wurin aiki. Sifaniyal yana kutsawa cikin sarƙaƙiya ne kusa da maharbi, yadi ashirin ko talatin, don tsuntsun da ya tayar ya tashi inda harsashi zai iya cim masa. A wannan tazara siririn amo, wanda aka busa a hankali, ya wadatar, ba ya kuma firgita abin da ake nema. Labarado kuwa ana iya aika shi yadi ɗari ko ɗari biyu, ya haye ruwa, ya shiga rami ya fito, iska tana kaɗawa, shi kuma yana haki yana fasa ciyawa da ƙirji. Iska tana cinye siririn amo fiye da mai kauri. A rana madaidaiciya, abin da iska ke shanyewa daga sauti mai kaɗawa 8,000 ya ninka na mai 4,000 fiye da sau uku. Ganye da ciyayi su ma sun fi tare siririn amo. Saboda haka bambancin da ba a jinsa a yadi talatin yana fitowa fili a yadi ɗari biyu, kuma shi ke nan asalin al'adar. Wanda yake da sifaniyal da yake aikawa nesa, ba laifi ya ɗauki 211.5.

Busasshiyar iska ta fi mai laima cin siririn amo. Wannan kuwa abin lura ne ga mafarautan ƙasar Hausa, tun da yake da rani ake fita taron farauta da karnuka, lokacin da hunturu ya busar da daji. Ƙahon da suke busawa don tara jama'a amonsa mai kauri ne, shi ya sa yake ratsa daji ya kai inda fito da baki ba ya kaiwa.

Shi kuwa usur marar amo, sunan ya fi shi girma. Mutum yana ɗan jin hucinsa, kuma yana da amfani ga wanda ke zaune cikin gari ba ya son damun maƙwabta. Amma kaɗan ne daga cikin ƙwararrun masu gasa suke riƙe shi. Wanda ba ya jin busarsa sosai, ta yaya zai san ko ya busa daidai? In kare ya ƙi tsayawa, ba a san ko taurin kai ne ko kuwa kiran ne bai isa gare shi ba, kuma hukunta kare a kan umarnin da bai ji ba zalunci ne da ke rushe amincin da ke tsakaninsa da ubangidansa. Bugu da ƙari, irin wannan usur yana da ɗan noti da ake murɗawa don canza kaifi, in ya kwance a aljihu sai amon ya sauya mai shi bai sani ba.

Akwai masu sha'awar usur na ƙahon barewa, wanda ake sassaƙawa da hannu. Yana da kyaun gani, yana da daɗin amo, amma babu guda biyu da suke daidai. Ranar da ya faɗa cikin fadama, ba kasuwar da za a samo ɗan'uwansa. Na roba mai lamba kuwa a injin ake zuba shi, wanda aka saya bana amonsa ɗaya da na shekara goma da suka wuce. Don haka ne tsofaffin hannu suke sayen biyu ko uku lamba ɗaya, ɗaya a wuya, ɗaya a mota, ɗaya kuma a hannun uwargida, don duk wanda ya fita da karen ya yi masa magana da harshe guda. Gaskiya ne kare yana iya sabawa da sabon amo cikin 'yan kwanaki, ba dabba ce marar basira ba. Sai dai a cikin 'yan kwanakin nan yana yin ɗan jinkiri kafin ya bi umarni, kuma a gaban bindiga jinkirin nan ne ake gudu. Mai ɗan ƙwallo a ciki shi ma yana da nasa aibi, domin a sanyin hunturun Turai yawu yana daskarewa ya riƙe ƙwallon, amon ya canza. Wasu kan ajiye shi don busar tsayawa kaɗai, saboda ƙararsa.

Yadda ake busawa ma ya fi lambar da ke jikin usur nauyi. Kusan duk masu horo sun haɗu a kan cewa doguwar busa ɗaya tana nufin tsaya ka zauna, gajeru biyu suna nufin juyo, gajeru da yawa a jere suna nufin taho. Wata masaniyar halayen dabbobi a Amurka, Patricia McConnell, ta bincika yadda masu kiwo da masu horo na harsuna dabam-dabam suke yi wa dabbobinsu magana, ta tarar kusan kowa yana amfani da gajerun sautuka a jere don zaburar da dabba, da dogon sauti ɗaya don tsayar da ita. A 1990 ta buga sakamakon gwajin da ta yi da 'yan kwikwiyo, wanda ya nuna gajerun sautuka masu hawa sun fi saurin jawo su. Ashe abin da makiyayi ya sani da daɗewa ne aka zo aka auna. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: masu kiwon karnukan nan kan fara busa kiran taho a lokacin da suke ajiye wa 'yan kwikwiyo abinci, tun suna da mako shida ko bakwai, har amon ya haɗu da daɗi a cikin kansu.

Lokaci ɗaya ne canza lamba yake da hujja mai ƙarfi, watau in kare ya tsufa. Daga shekara takwas zuwa goma jinsa yakan fara raguwa, kuma siririn amo ne yake fara ɓace masa. Karen da ya shekara da shekaru yana zaune kusa da bakin bindiga yana iya samun wannan lahani tun kafin lokacin. Mai shi sai ya ga amintaccen karensa ya fara wucewa ana busa masa, ya zaci raini ne ya shigo. Kafin a ɗaga masa murya, ya kamata a gwada shi da usur mai kauri daga bayansa, inda ba ya ganin mai busawa, a kuma kai shi wurin likitan dabbobi ya duba kunnen. Irin waɗannan karnuka suna iya ci gaba da aiki in an sauko musu zuwa usur mai kauri, an kuma ƙara dogara ga alamar hannu.