WASIƘA DAGA INGILA: Ɓarawon Ruwa A Tukunyar Ɗumama Gida

Cikin wasiƙun da suka zo mini a 'yan makonnin nan, guda uku magana ɗaya suke yi, dukansu kuwa daga 'yan'uwanmu ne da ba su daɗe da zuwa ƙasar nan ba, ɗalibai da ma'aikatan jinya. Kukansu shi ne tukunyar ɗumama gida, wadda Turawa ke kira boila. Sai ta yi aiki lafiya lau kwana biyar ko shida, ran nan da asuba a tashi a tarar ta mutu, gida ya yi sanyi kamar randa. A ƙara mata ruwa ta tashi, bayan mako guda ta sake. Tun da yake ni ma na sha wannan wahala a gidana na Manchesta, na ga ya fi kyau in ba da labarin yadda muka kama ɓarawon, maimakon in amsa wa kowa shi kaɗai.

Domin masu karatu na gida, waɗanda hunturunsu bai wuce bargo da kaskon wuta ba, bari in fara da bayanin abin. Tukunyar akwati ce ta ƙarfe da ake kafawa a bangon kicin, tana ƙona gas tana dafa ruwa. Ruwan nan yana bi ta cikin bututu ya zaga ɗakuna, ya shiga wasu faya-fayan ƙarfe da ke jikin bango, masu aiki irin na lagireton mota, su saki zafinsu a ɗaki, sa'an nan ya komo tukunya. Ruwa ɗaya ne ke ta zagawa, a rufe yake, kuma a matse. A gaban tukunyar akwai wani ɗan agogo mai allura da ke nuna ƙarfin matsin, ma'auninsa ana ce da shi ba. Ba ɗaya daidai yake da nauyin ruwan da ya yi tsayin kusan mita 10. In tukunya tana sanyi, allura ta kan tsaya tsakanin 1 da 1.5. In ta faɗi zuwa wajen 0.5, yawancin tukwane su kan kashe kansu don kada su ƙone, kuma irin tawa, da ta mutu, ruwan zafi na famfo ma ya tafi ke nan.

A watan Disamba na 2022 aka yi wani sanyi mai tsanani a ƙasar nan, fiye da mako guda raɓa tana daskarewa a kan motoci. A daidai lokacin ne Allah Ya ba mu haihuwa, surukata kuma ta zo daga Zariya domin kula da mai jego. To, mai karatu, ka duba halin da mutum ke ciki: ga jariri ɗan kwana goma, ga tsohuwa da ba ta taɓa ganin ƙanƙara a ƙasa ba, ga wankan jego da ba ya yiwuwa sai da ruwan zafi safe da yamma, tukunya kuwa ta zaɓi wannan lokaci ta fara mutuwa. Sau uku na tashi sallar asuba na tarar allura a ƙasa.

Zargina na farko, Allah Ya gafarta mini, a kan wankan jegon ya faɗa. Na ɗauka yawan ɗibar ruwan zafi ne ke ƙarar da ruwan tukunya. Ashe ba haka ba ne. Ruwan wanka daga babban famfon gari yake zuwa, ya ratsa tukunyar ta wata hanya dabam, zafi kawai yake ɗauka, ba ya gauraya da ruwan da ke zagaya ɗakuna. Ko za a yi wanka sau goma a yini, allura ba za ta sauka saboda haka ba. Na gode wa Allah da ban furta wannan zargi a gaban Hajiya ba.

Na kira wani mai gyara. Ya zo da tsakar rana, ya buɗe bawul ɗin ƙarin ruwa, allura ta hau, tukunya ta kama. Ya ce lalle akwai yoyo a ƙarƙashin daɓe, in abin ya sake sai a ɗaga katakon falo a bi bututu ɗaya bayan ɗaya. Ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Ba zan ce ƙarya ya yi da gangan ba, domin yoyon ƙarƙashin daɓe yana faruwa. Laifinsa shi ne bai yi mini tambaya ko ɗaya ba, bai kuma tsaya ya ga abin da allura ke yi in tukunya ta ɗauki zafi ba.

Nan ne na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na manna takarda kusa da tukunya, ina rubuta inda allura take sau huɗu a yini: da asuba kafin a kunna, da bayan awa guda da kunnawa, da magariba, da lokacin kwanciya. Ruwa ba ya tsami banza, cikin kwana uku sai ga magana ta fito. Da asuba 1.3, bayan awa guda 2.8, wani lokaci har ta taɓa 3. Washegari da asuba 0.9. Watau kafin allurar ta faɗi, hawa take fara yi, hawan da ya wuce ƙa'ida, domin a tukunya mai lafiya ba ta kan wuce wajen 2 ba komai zafi.

Dalilin kuwa shi ne ruwa yana kumbura in ya yi zafi. Lita 100, wanda shi ne kimanin abin da matsakaicin gida ke ɗauke da shi, in aka ɗaga zafinsa daga digiri 10 zuwa 80, ya kan ƙaru da kusan lita 3. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, bututun kuma a rufe suke, saboda haka tilas a yi wa ƙarin nan masauki. Masaukin wani ɗan tulu ne na ƙarfe a cikin akwatin tukunyar, an raba cikinsa biyu da tantanin roba, gefe ɗaya ruwa, gefe ɗaya iska da aka hura ta wani bawul irin na tayar mota sak. In ruwa ya kumbura sai ya tura robar, iska ta matsu ta ba shi wuri. Amma kamar taya, tulun nan yana sacewa a hankali cikin shekaru. Da iskar ta ƙare, ruwa ya rasa inda zai je, sai matsi ya yi ta hawa. A kan ba 3 akwai wani bawul na tsaro da ke buɗewa da kansa ya zubar da ruwa waje, ta wani gajeren bututun jan ƙarfe da ke leƙowa bayan gida. Da dare tukunya ta huce, ruwan da ya rage ya koma girmansa, allura ta faɗi ƙasa da inda ta faro.

Abin da ya sa yake yi yau ya bari gobe shi ne mu da kanmu. Kafin zuwan Hajiya, ɗumi kaɗan muke sa wa, matsi bai taɓa kai wa 3 ba. Da ta zo, ga jariri, muka ƙure zafi, muka buɗe faifan ɗakin baƙi da ya shekara a rufe. Ranar da sanyi ya sassauta sai tukunya ta tsira, ranar da ya tsananta ta zubar.

Hajiya ce ma ta ga shaidar. Ta leƙa bayan gida ta dawo, ta ce wa 'yarta, tana kawar da kai daga gare ni kamar yadda ta saba, “Ki gaya wa Malam bangon nan nasa yana zubar da hawaye har sun daskare.” Na fita, na ga ƙanƙara ta sauko daga bakin bututun kamar gemu. Na ɗaura leda a bakinsa da roba, kafin dare ta tara ruwa rabin kofi.

Ba kowa ne zai sami irin nawa ba, don haka ga sauran wuraren da ɓarawon kan ɓoye. In allura ba ta hawa da zafi, sauka kawai take yi sannu a hankali, to yoyo ne. A bi mahaɗar bututu da kowane faifai da busasshiyar takarda, amma sa'ad da suke da sanyi, domin da zafi ɗigon ya kan ƙafe kafin ido ya gan shi, wata mahaɗar ma sai ƙarfe ya huce ya tsuke take buɗe baki. Kore-kore ko fari-fari kamar kanwa a jikin jan ƙarfe alama ce. Wanda ya fitar da iska daga faya-fayan kuma kada ya yi mamaki in allura ta ɗan sauka, wannan ba cuta ba ce. In duk an duba ba a gani ba, sai a kashe tukunya, a rufe bawul biyu na fita da shiga da ke ƙarƙashinta, a kwana. In allura ta sauka duk da haka, ciwon yana cikin tukunya. In ta tsaya, ta faɗi sa'ad da aka buɗe, yana cikin bututun gida, sa'an nan ne maganar ɗaga daɓe ta taso.

Abu guda nake roƙon 'yan'uwa su daina, shi ne mayar da ƙarin ruwa magani. Kowane sabon ruwa yana shigowa da iskar da ke cin ƙarfe, yana kuma tsinka maganin tsatsa da aka zuba a ciki, ƙarshenta faya-fayan su cika da baƙin laka. Haka kuma kada kowa ya buɗe akwatin tukunya da kansa. Gas in bai ƙone sosai ba yana fitar da irin gubar da gawayi ke fitarwa a rufaffen ɗaki, ba wari, ba launi. Doka a nan ta keɓe aikin gas ga masu rajistar Gas Safe, wadda ta maye gurbin CORGI a 2009, kuma kowannensu yana da kati, a nemi gani. Ɗan haya kuwa ya sani dokar haya ta 1985 ta ɗora gyaran ɗumama gida a wuyan mai gidan ne. Ya aika masa da takardar lissafin allurarsa, kada ya taɓa aljihunsa.

Mai gyara na biyu da na kira ya karanta takardata a tsaye, ya zubar da matsin tukunya, ya danna bawul ɗin tulun. Da ruwa ne ya fito, da robar ta fashe ke nan sai sabon tulu. Iska ce ta yi ɗan huci ta tsaya. Ya ɗauko famfo irin na masu faci ya hura shi zuwa ba 1, kana ya sauya bawul ɗin tsaro, domin in ya saba buɗewa tsakuwar tsatsa ta kan maƙale a bakinsa ya ƙi rufewa sosai. Aikin bai kai awa guda ba, ba a kuma ɗaga katako ko ɗaya ba. Hajiya ta cika arba'in ɗin 'yarta da ruwan zafi, ta koma Zariya a ƙarshen Janairu.

Wasiƙar da ta yi tambaya a kan baƙin danshi da ke fitowa a kusurwar ɗaki, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.