Zaure Ne Ya Rushe, Ɗakuna Suna Nan

Yau jan hankali zan yi ga masu haɗa Windows da Ubuntu a kwamfuta ɗaya, musamman na wajenmu, Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, inda ƙwararren mai gyara ke da wuyar samu.

Akwai wata 'yar manhaja mai suna GRUB. Ita ce zauren gidan, ita ke tambayarka Windows za ka shiga ko Ubuntu. In aka sake ɗora Windows, takan danne wannan zaure. A Agustan 2024 ma wani gyaran tsaro na Microsoft ya hana Linux tashi a kwamfutoci da dama.

To fa, nan ake ɓarna. Da allo ya yi baƙi, wani mai gyaran sai ya ce a yi fomatin. Haba jama'a! Littafin da baiwar Allah ta shekara tana rubutawa ya tafi a banza? Galibi rubutun yana nan daram, hanyar shiga ce ta toshe.

Ni a ganina, hakkin mai gyara ne ya fara tayar da kwamfutar da filashin Ubuntu, ya kwashe fayilolinka, sannan ya maido da GRUB da manhajar Boot-Repair. In ya ƙi, ɗauki abinka ka yi gaba, ko da Kano ce.

Kai ma riƙa ajiye kwafi a filashi. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya sa mu dace.